Waƙa a Bakin Mai Ita Ta Fi Daɗi: Shin Sitiriyo Mai Tsada Zai Maye Gurbin Makaɗi?

Wannan shi ne cikakken jawabin da wani tsohon ɗalibin makarantarmu, injiniyan lantarki mai ritaya da ke zaune a Gyaɗi-Gyaɗi, ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya. Mun buga shi kamar yadda ya karanta, domin amfanin 'yan'uwa da ba su sami halarta ba.



Ranar da sakataren ƙungiya ya same ni a gida ya ce kwamiti ya ɗora mini yin jawabin bana, na gaya masa gaskiya cewa ni ban san siyasa ba, ban kuma san tattalin arziki ba. Abin da na ƙarar da ƙuruciyata a kansa shi ne waya da lasifika. Sai ya ce, "To Yaya, a yi mana magana a kan lasifikar." Don haka in kun ga na tsaya a kan abin da wasu za su ɗauka wasa ne, sakatare za ku tuhuma. Amma ina fata kafin in zauna za ku yarda da ni cewa akwai abin da ya shafe mu duka a cikin maganar.

Mafarin zancen

Akwai wani abokina, ɗan ajinmu, yana kuma cikin wannan zaure, amma ba zan faɗi sunansa ba don kada ya hana ni shayi. Bara ya gama gini a Tarauni, ya ware falo guda, ya sa aka kawo masa kayan sauti daga ƙasar waje: amfilifaya mai nauyin buhun siminti, da lasifika biyu kowace ta kai ƙirjina. Kuɗin da ya kashe sun isa a gyara mana ajujuwa biyu a nan makaranta. Ya gayyace ni, ya zaunar da ni a kujerar tsakiya, ya sa waƙar Shata, ya ce, "Rufe idonka, Injiniya. Wallahi Alhaji Shata ne ya shigo falon nan."

Na rufe ido na saurara. Sauti kam ya yi kyau, ban taɓa jin wannan waƙa fes kamar ranar ba. Sai dai ni a farkon shekarun 1980 na taɓa tsayawa a wajen wani biki a nan Gyaɗi-Gyaɗi, tsakanina da makaɗan Shata bai fi taku goma ba. Na san yadda kalangu yake dukan ƙirjin mutum. Da na buɗe ido na ce masa, "Alhaji, kama da wane ba ta wane." Tun daga ranar muke gardama, kuma wannan jawabi shi ne amsata gare shi a gaban shaidu.

Tambayar ita ce: shin akwai na'urar da za a saya, ko nawa ne kuɗinta, wadda za ta dawo wa mutum da kiɗa a falonsa daidai da yadda yake a fili?

Gardamar ta girme mu

Kada ku zaci ni da abokina muka fara. A 1877 Thomas Edison na Amurka ya ƙera na'urar farko da ke ɗaukar murya ta maido da ita, wato kakar garmahon da iyayenmu suka sani. Daga 1915 kamfaninsa ya shiga zagaya garuruwa yana wani gwaji don tallar hajarsa. Sai a tara jama'a a zaure, mawaƙiya ta tsaya kusa da garmaho suna rera waƙa ɗaya tare, can sai a kashe fitila. Idan aka kunna, sai a ga ashe mawaƙiyar ta daɗe da barin dandamali, garmaho ne kaɗai ke yi. Jama'a su yi ta tafi, suna cewa ba su ji bambanci ba. A 1920 an yi irin wannan a babban zauren Carnegie da wata mawaƙiya mai suna Anna Case. Bayan shekaru masu yawa ita da bakinta ta bayyana cewa ta horar da muryarta ne ta yi kama da ta faifan. Kun ga ke nan mutum ne ya kwaikwayi na'ura.

A 1954 wani Bature mai ƙera lasifika, Gilbert Briggs na kamfanin Wharfedale, ya yi gwajin makaɗa da na'ura a babban zauren Royal Festival da ke Landan. A farkon shekarun 1960 kuma kamfanin Acoustic Research na Amurka ya yi nasa da makaɗa huɗu masu gogen Turawa. Suna cikin kiɗa sai su ci gaba da motsa hannu kawai, tef ya karɓa, kuma mutane da yawa suka kasa gane inda aka yi canjin. To amma ga sirrin: sai da aka fitar da makaɗan nan fili, inda babu bangon da zai maido da amo, aka ɗauki kiɗan nasu a can, sa'an nan aka sa shi a cikin zauren da su kansu suke zaune, lasifika na dab da kujerunsu. Wato zaure ɗaya, wuri ɗaya, kayan kiɗa 'yan kaɗan masu sanyin murya.

Darasin da ke nan shi ne, na'ura tana iya ruɗin kunne idan an shirya mata komai. Falon gida kuwa ba a shirya mata komai ba.

Hanyar da sauti ke bi

'Yan ajinmu za su tuna malaminmu na Fizik, Allah Ya jiƙansa, da ɗan ƙarfen nan nasa mai baki biyu. Yakan buga shi a tebur ya tsoma a kofin ruwa, ruwan ya fantsalo mana a fuska, sa'an nan ya ce sauti ba kome ba ne illa kaɗawar iska. Kunnen yaro mai lafiya yana jin kaɗawa daga sau 20 zuwa sau 20,000 a sakan ɗaya, kuma sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a sakan. Da waɗannan lambobi biyu za mu bi kiɗa daga hannun makaɗi zuwa kunnen mai falo, mu ga abin da ke zubewa a hanya.

Mashiga ta farko ita ce makirufo. Ku ɗauki kalangu. Baki biyu gare shi, makaɗi yana dukan ɗaya, ɗayan yana amsawa ta baya, icen yana nasa amon, tsarkiya tana ƙara idan an matse ta a hammata don a ɗaga murya ko a sauke ta. Sautin yana fita ta kowace fuska, kuma abin da na gaba yake ji daban yake da abin da na gefe yake ji. Makirufo kuwa a wuri guda aka kafa shi, abin da ya iso wannan wuri kaɗai yake ɗauka. Kamar mai hoto ne da ya tsaya a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe: hotonsa gaskiya ne, amma ta kusurwa ɗaya. Abin da makirufo bai ɗauka ba kuwa, babu amfilifayar da za ta ƙirƙiro shi.

Mashiga ta biyu ita ce lasifika. Dabarar sitiriyo, wato a yi amfani da lasifika biyu don kunne ya ji kamar makaɗa suna jere daga dama zuwa hagu, wani injiniyan Ingila ne, Alan Blumlein, ya yi mata rajista a 1931, yana aiki a EMI, kamfanin da reshensa na Nijeriya ya buga faya-fayan Shata daga baya. Dabara ce mai kyau, sai dai ruɗi ce, kuma ruɗin yana aiki ne ga wanda ya zauna a tsakiya daidai. Shi ya sa abokina ya nace sai na zauna a wannan kujera. Ka gusa kamu biyu zuwa dama, duk makaɗan sai su tattaru su koma lasifikar dama. A filin biki kuwa ko'ina ka zagaya, mai kalangu yana nan inda yake.

Mashiga ta uku ita ce ɗakin kansa, kuma ita ce aka fi mantawa da ita. Falonmu na yanzu bulo ne da siminti, ƙasa tayil, taga gilashi. Kaso mai yawa na sautin da ke isa kunnenka a irin wannan ɗaki sai da ya bugi bango ko rufi ya dawo. Bugu da ƙari, kowane ɗaki yana da muryar da yake kumburawa gwargwadon tsawonsa. Ɗaki mai tsawon mita 4 yana kumbura kaɗawar da ke wajen 43 a sakan, da ninkinta. Shi ya sa za ka ji kaurin ganga ya cika kunne a lungu, ka dawo tsakiyar ɗaki ka ji ya ɓace. Saboda haka mai sauraro a falo wurare biyu yake ji a haɗe, wurin da aka ɗauki kiɗan da kuma nasa ɗakin. Ku tuna tambari da kakaki da algaita a fili aka san su, inda babu rufi. Duk wanda ya cusa su a falo ya canza musu hali.

Mashiga ta huɗu ita ce ƙarfi. Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Ganga a kusa tana haura desibel 100 a lokacin da makaɗi ya sauka a fata, ta kuma yi ƙasa nan take. Don a ƙara desibel 3 kacal sai an ninka ƙarfin amfilifaya sau biyu, don a ƙara 10 kuwa sai an ninka sau goma. Ko da na'urarka za ta iya, maƙwabta ba za su iya ba. Ta ɓangaren ƙasa kuma, ƙananan sautuka irin su numfashin mawaƙi da gogar yatsa a tsarkiya suna buƙatar shiru. Ina shirun yake ga wanda gidansa ke kusa da Titin Zariya ko Titin Maiduguri, ga a-daidaita-sahu, ga fanka, ga janareton maƙwabci in an ɗauke wuta? Don haka masu haɗa faifai sukan danne mai ƙarfi su ɗaga mai rauni, don waƙa ta jiyu a mota da shago. Tun daga can an riga an rage mata tsawo.

Kunne da ido

Saura mashiga ta ƙarshe, wato mu kanmu. Jin siraran sautuka yana raguwa da shekaru. Yawancinmu da muka haura sittin ba ma jin saman abin da jikokinmu ke ji, ko kusa. Abin dariyar shi ne, lokacin da kunnenmu ke da kaifi ba mu da kuɗin batir, yanzu da wasunmu suka sami kuɗin sitiriyo kunnen ya yi ritaya tare da mu.

Ido ma yana sa baki. A 1994 wasu masana biyu, Floyd Toole da Sean Olive, suka yi gwaji a kamfanin Harman na Amurka. Suka sa mutane su saurari lasifika iri-iri su ba su maki, sau ɗaya suna ganinsu, sau ɗaya an sa labule. Da ana gani, manyan nan masu ƙyalli da tsada suka yi fintinkau. Da aka sa labule sai tazarar ta ragu ƙwarai, kuma wurin da aka ajiye lasifika a ɗakin ya zama yana canza maki fiye da yadda ya yi a lokacin da ido ke kallo. Mu Hausawa mun ce gani ya kori ji. A nan kam ya kore shi da gaske. Saboda haka duk mai son sayen kayan sauti, ya sa a rufe masa ido a gwada masa, a kuma daidaita ƙarfinsu, domin kunne yakan ɗauki wanda ya fi ƙara a matsayin wanda ya fi kyau.

Abin da ba ya bin waya

Jama'a, duk abin da na lissafa a baya matsalar injiniyoyi ce, kuma suna ta rage ta shekara bayan shekara. Akwai wata kuma wadda ba ta injiniya ba ce, ita ce ta fi shafar kiɗanmu na Hausa.

Waƙar makaɗanmu zance ce tsakanin mutane. A bikin nan da na ambata, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda waƙa take sauya hanya a gaban idonmu. Wani babban mutum ya shigo, sanƙira ya ɗaga murya ya faɗi ko shi wane ne da asalinsa, mawaƙi ya ɗauka nan take ya saka shi a waƙa, 'yan amshi suka karɓa, kalangu ya faɗi sunan da bakinsa, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa daga cikin gida, mutumin ya taso ya yi kari, waƙa ta ƙara tsawo. Da bai shigo ba, da waƙar ta bi wata hanya. Mu da muke tsaye muna cikin masu yin ta, domin mawaƙin yana duban fuskokinmu yana auna inda zai ja da inda zai sassauta.

Faifai kuwa ba ya ganin kowa. Ka sa shi sau dubu, a wuri ɗaya zai yi gaba, a wuri ɗaya zai tsaya. Hasali ma na'ura ta sha tilasta wa waƙa ta shiga ma'aunin da ba nata ba. Tsohon faifan garmaho mai juyi 78 a minti, irin mai hoton kare, minti uku ko sama kaɗan yake ɗauka a kowane gefe. Babban faifan da ya fito a 1948 ya kai wajen minti ashirin da 'yan kai. Kaset, wanda kamfanin Philips na ƙasar Holan ya fito da shi a 1963, ya ba da minti talatin ko arba'in da biyar a gefe. Mawaƙin da ya saba kwana yana abu ɗaya, dole ya datse.

Haka abin yake ga sauran. Kotson Ɗanƙwairo da jerin 'yan amshinsa a gaban basarake aka gina su, kuma rabin ma'anar waƙar tana ga wanda ake yi wa da waɗanda ake yi wa zambo suna zaune suna ji. Ƙwaryar Barmani Coge ta mata ce a cikin gida, ana kiɗa ana rawa ana shewa. Kiɗan dambe in babu 'yan dambe a fage da ƙura da ihun 'yan kallo, saura me? Wanda ya fi sauƙin ɗauka shi ne irin na Ɗanmaraya Jos: mutum ɗaya, murya ɗaya, da kuntigi mai tsarkiya ɗaya wanda aka yi da gwangwanin kifi aka rufe da fata. A nan kam na yarda lasifika mai kyau tana iya kusantar gaskiya ƙwarai, kamar dai gwajin masu gogen nan na Amurka.

Akwai kuma nau'in da tambayar ba ta ma shafe shi ba. Tun daga ƙarshen shekarun 1990, da fiyanon Yamaha ya shiga waƙoƙin finafinan Hausa, yawancin abin da ake yi a situdiyoyin Titin Gidan Zu a cikin na'ura ake haifarsa. A ɗora kiɗa yau, mawaƙi ya zo gobe, mawaƙiya jibi, kwamfuta ta haɗa. Babu wata rana da aka taru aka yi wannan waƙa a fili, balle a ce na'ura ta gaza maido da ita. A irin wannan, faifan shi ne asali.

A yi wa na'ura adalci

Kada abokina ya ce na yi masa rashin adalci. Kayan sauti masu kyau suna da amfani, kuma bambancinsu da rediyon shayi a fili yake. Faifan CD da Sony da Philips suka fitar a 1982 yana auna sauti sau 44,100 a sakan, kuma hakan ya wadatar da iyakar abin da kunnen ɗan'adam ke ji. Amfilifayar kirki a yau ba ta ƙara wa sauti wani datti da kunne zai kama, in dai ba a matsa mata fiye da ƙarfinta ba. Inda gyara ya rage shi ne lasifika da ɗaki. Saboda haka shawarata ga mai sha'awa ita ce ya sa kuɗinsa a lasifika, ya janye su daga bango da lungu, ya shimfiɗa darduma mai kauri, ya rataya labule. Wannan zai canza masa sauti fiye da wayar haɗi mai tsadar da 'yan kasuwa ke cewa tana da asiri.

Sai dai a lura, na'ura mai kyau ba ta gyara abin da aka ba ta. Da yawa daga waƙoƙin makaɗanmu da ƙaramin rikoda aka ɗauke su a filin biki, ko daga akwatin rediyo lokacin da Rediyon Kaduna ko Rediyon Kano ke sa su. Zaren kaset yana tafiyar santimita 4.76 ne kacal a sakan, ga shuu ɗin nan da ba ya rabuwa da shi. Aka yi ta kwafa daga kaset zuwa kaset a Bata da Ƙofar Wambai, kowane kwafi yana zubar da wani abu. Daga baya aka mai da su MP3, wanda yakan matse waƙa ta koma wajen kashi ɗaya cikin goma sha ɗaya na girmanta a CD, aka yi ta turawa daga waya zuwa waya a kasuwar Farm Centre da ke nan Tarauni. Idan ka ɗora wannan a kan sitiriyon miliyoyi, abin da zai yi maka shi ne ya nuna maka raunukan a fili.

Duk da haka, da babu gara ba daɗi. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999, Barmani a 2013, Ɗanmaraya a 2015. Yaran da ke zaune a bayan zauren nan ba za su taɓa tsayawa taku goma daga ɗayansu ba. Abin da ya rage musu shi ne wannan zare mai launin ƙasa. Nan ne maganar ta daina zama gardamar tsofaffi biyu a falo.

Abin da ke gabanmu

Zaren kaset yana mutuwa. Zafi da laima da ƙura suna cinsa, yana manne wa juna, yana tsinkewa. A 2019 hukumar UNESCO tare da ƙungiyar ma'adanan sauti ta duniya suka yi gargaɗi cewa na'urorin da ke karanta irin wannan zare suna ƙarewa, an daina ƙera kayan gyaransu, suka kuma yi hasashen cewa zuwa wajen 2025 aikin kwafewa zai yi wuya ƙwarai. Ku je Sabon Gari ku nemi rikodan kirki ko mai gyaransa, za ku gane abin da suke nufi.

Masana sun yi nasu ƙoƙarin. David Ames da Anthony King sun wallafa ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya tattara tarihin makaɗa da matanin waƙoƙinsu a littattafai da dama. Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun fitar da tarihin Shata a 2006. Amma takarda kalmomi take riƙewa. Amon kansa yana cikin kwalaye a ƙarƙashin gadajenmu, kuma na tabbata a gidajen mutanen da ke zauren nan akwai kaset ɗin bikin aure ko na naɗin sarauta wanda babu kwafinsa a ko'ina a duniya. Ranar da mai shi ya rasu, magada za su share ɗaki su zubar.

Don haka ina roƙon ƙungiya abubuwa uku.

Na farko, a kafa ɗan ƙaramin kwamiti da zai karɓi aron tsofaffin kaset da faya-fayai daga membobi, a kwafe su a kwamfuta ba tare da an matse su ba, a rubuta wanda ya yi waƙar da wuri da shekara gwargwadon abin da mai shi ya sani, a maido masa da kayansa. A ajiye kwafi ɗaya a laburaren makaranta, a miƙa ɗaya ga Jami'ar Bayero, ɗaya ga Hukumar Tarihi da Al'adu da ke Gidan Ɗanhausa. Ni na ɗauki nauyin gyaran rikoda da koya wa ɗalibai biyu ko uku aikin. Kafin nan, don Allah a adana kaset a tsaye, a inuwa, a ɓalle 'yan haƙoran nan na samansa don kada a ɗora wani abu a kai bisa kuskure, kuma kada a ajiye shi a kan lasifika, domin akwai maganaɗisu a cikinta.

Na biyu, ko sau ɗaya a shekara a gayyato makaɗi na gaske da mai ƙera kayan kiɗa su zo makaranta, malamin Hausa da malamin Fizik su haɗa aji. Yaro ya riƙe kalangu, ya matse tsarkiya, ya ji yadda murya ke hawa idan fata ta ɗaure. Darasin sauti ne da darasin karin harshen Hausa a zama ɗaya. A kuma sallami makaɗin da mutunci, domin sana'ar da ba ta ciyar da mai ita ba ta samun magaji.

Na uku ya shafi kunnuwanmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abin da babba zai jure ba tare da cutuwa ba shi ne desibel 80 na tsawon awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu. Lasifikan da ake kafawa a bukukuwanmu yanzu, da abin da yaranmu ke toshe kunne da shi dare da rana, suna wuce wannan nesa. 'Yan gashin da ke cikin kunne masu karɓar sauti in sun mutu ba sa sake tsirowa. Wanda ya fara jin ƙara kamar ta gyare a kunnensa bayan biki, ko yake yawan cewa "na'am?", ya je a auna shi, ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano nan kusa da mu.

Kammalawa

To Alhaji, ga amsata. Sitiriyonka yana da kyau, kuma zan ci gaba da zuwa shan shayi ina saurare. Abin da yake ba mu hoton kiɗa ne mai kyau, wanda aka ɗauka daga wuri ɗaya a rana ɗaya. Filin da jama'ar da mawaƙin da ke dubanka yana saka sunanka, waɗannan ba a sayar da su a kanti. Magabata sun riga sun yanke hukunci tun kafin a haifi Edison, da suka ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Abin da ya rage mana shi ne mu tsare hoton waɗanda suka tafi, mu kuma riƙe waɗanda suke raye. Kuma tun da ka nuna mana kana da hali, kwamitin kaset zai fara zagayensa daga gidanka.